Gumin Ɗakin Inna

Kawu ya durƙusa a tsakiyar ɗakin Inna yana manna 'yar leda a ƙasa, yana bin gefenta da salatif a hankali kamar mai ɗaure wa jariri cibiya. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Na ce, "Kawu, buhunan simintin nan fa sun gaji da jingina a baranda. Me muke jira ne?"

Ya ce, "Ƙasa muke jira, Sarauniyar Gaggawa."

"Ƙasar da ta bushe ƙarau? Dube ta fa, fari fat. Jiya da takalmi na taka, ko sawu bai fito ba."

Bai ko ɗago ba. Ya danne kusurwar ƙarshe da babban yatsa, ya miƙe yana riƙe ƙugu, ya ce kada wanda ya taɓa ledar nan sai ya dawo. Na bi bayansa da harara har ya sauka daga bene. Kawu ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun kafin a haife ni aikinsa ke nan, daɓe da shimfiɗa tayil. Ni ɗinki nake yi. A wurina idan abu ya kai a yanka, a yanka kawai, ban iya zaman kallon yadi ba.

Abin da ya kawo aikin kuwa shi ne ciwon Inna. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, aka kwantar da ita a asibiti, da kyar ƙafa ta fara dawowa. Tana iya takawa da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa, amma ƙafar hagun jan ta take yi a ƙasa, ba ta ɗaguwa. Ko bakin tabarma ne ya tare ta sai ta tafi luu. Ɗakinta kuma, a saman benen da muke zaune ni da ita, ya fi banɗakin da ke cikinsa zurfi da faɗin tafin hannu. Tudun da muka yi shekara da shekaru muna hawa ba mu ma san da shi ba, yanzu ya zame mata katanga.

A asibiti fo ake sa mata. Wannan shi ne ciwon da ya fi shanyewar jikin ci mata rai. Inna mace ce da ko atishawa ba ta so a ji ta yi, sai ga shi ana jan labule, ana ɗaga ta, ana jira ta gama. Ranar da likita ta ce ana iya sallamarta, Inna ta juya fuska bango ta ce, "Ba zan koma gidana 'yata ta riƙa tara mini fo ba. Ranar da zan iya shiga banɗaki da ƙafata, a zo a ɗauke ni."

Sai ta ɓullo da wata dabara da ta tayar mana da hankali: ta rage shan ruwa. Kofi zai yini a gefen gadonta, sai dai ta jiƙa leɓe ta ajiye, don kada bukata ta taso a kira mata ma'aikaciya. Leɓɓanta suka tsage, idanunta suka faɗa. Likita ta ja ni gefe ta ce in aka ci gaba a haka ƙodarta za ta taɓu, kuma ƙarin ruwa ta jijiya ba zai zama abin yi kullum ba. Ka ji dalilin gaggawata, ba wai neman rigima kawai ba, ko da yake ita ma ba ta yi mini wuya.

Kawu ya cike zurfin ɗakin da kankare, amma ba irin wanda na sani ba. Ya ce benen tsoho ne, a ƙasanmu shagon mai katifa ne, in aka zuba tsakuwa da yashi nauyin zai yi yawa. Ya kawo wasu duwatsu masu kama da ƙwallon yara, ka ɗauki cikin hannu ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba, da su ya kwaɓa simintin. Saura a zuba wani siminti mai ruwa-ruwa a kai wanda zai daidaita fuskar, sannan a manna ledar ɗaki marar santsi. A lissafina aikin yini biyu ne, har na gaya wa Inna ta fara haɗa kayanta.

Da Kawu ya dawo duba ledarsa na riga shi shiga ɗakin, da maganata a baki. Sai maganar ta maƙale. Ledar da aka manna a busasshiyar ƙasa ta yi fari da hazo daga ciki, ga ɗigon ruwa jere reras a jikinta, manya da ƙanana. Da ya ɓanɓare ta, wurin ya yi baƙi, murabba'i sak, ɗanye sharaf a tsakiyar farin daɓe. Na sa tafin hannuna na ji sanyi. Na dubi silin, na dubi taga, babu inda ruwa ya shigo.

Na ce, "Kawu, wa ya zuba ruwa a nan?"

Ya yi dariya. "Ni na zuba, ranar da na kwaɓa. Kawo mini kofin gilashi da ruwa ki gani."

Ya ɗauko ɗaya daga cikin ragowar duwatsun ya fasa da guduma. Cikinsa duk ƙofofi ne ƙanana kamar soso. Ya jefa ɓarin a kofi, ya ce in kara kunne. Wallahi dutsen nan kuka yake yi, wani siririn sauti, kumfa na fita daga jikinsa yana shan ruwa. Tsigar jikina ta tashi. Na kai shekara arba'in a duniya ban san akwai dutsen da ke jin ƙishirwa ba.

Kawu ya ce, "To irinsa dubu nawa ne a ƙarƙashin ƙafarki? Kowanne ya sha ya ƙoshi. Sama ta bushe don ita ke ganin iska, na ciki kuwa a hankali yake amayo nasa. In na rufe shi yau, ruwan nan ba zai fasa fitowa ba. Zai ture gam ya kumbura ledar ɗaki ƙulu-ƙulu, ƙafar Yaya ta samu abin tuntuɓe a inda ba ta zata ba."

"To yaushe zai gama?"

"Shi ya sani. Ni dai tambayarsa nake yi da leda, yana ba ni amsa."

Muka buɗe tagogi, muka jera fanka. Kawu ya aro wata na'ura mai kama da ƙaramin firji wadda ke tsotse laima daga iska tana tarawa a wani bokiti a cikinta. Da ta zo sai ya sa aka rufe tagogin, ya ce kada mu sa ta shanye laimar unguwa gaba ɗaya. Aikina ne juye bokitin kowace safiya kafin in tafi shago. Kullum sai in same shi cike da ruwa garai-garai, daga ɗakin da babu kome a cikinsa sai bango huɗu. Har tsayawa nake yi da bokitin a hannu ina kallonsa. Ran nan Auta, ƙanina direban babbar mota, ya tarar da ni a haka ya ce, "Yaya, ko dai rijiya Kawu ya haƙa mana a saman bene?" Na ce ya matsa kafin in yi masa wanka da shi.

Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Kawu ya ƙara yawan ledojin, ɗaya a kowace kusurwa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin banɗaki. Ɗigon ya koma hazo, hazon ya koma ɗan dishi-dishi, har aka wayi gari huɗu sun fito a bushe. Amma ta wajen bangon gabas da ta bakin banɗaki ko gezau, kullum jiya i yau, gumi suke yi kamar ranar farko.

A nan ne na ga fuskar Kawu ta sauya. Wasan da yake yi mini ya ɗauke. Zai zo ya tsuguna a kan wurin, ya dafa, ya ƙwanƙwasa. Ran nan na dawo daga asibiti na bar Inna ko muryarta ba ta fita sosai, sai na sauke masa kwandon bala'i.

Na ce, "Kawu, 'yar'uwarka na can tana bushewa a kan gado, kai kana nan kana hira da siminti! Kusurwa ɗaya ce fa. A ɗora kabad a kai mana, wa zai taka wurin?"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kaɗa. Ya ce, "Ita ta goya ni, 'yar nan. Kina ganin akwai wanda ya fi ni son ta dawo?" Ya share fuska da hularsa. "Wannan ba ruwan kwaɓi ba ne. Ruwan kwaɓi raguwa yake yi. Wannan ana ƙara masa."

 Ya sauka shagon mai katifa ya roƙo manyan ledojin nan da ake naɗe katifa da su. Muka farka su, muka shimfiɗe ɗakin gaba ɗaya bango zuwa bango, muka bi duk mahaɗa da salatif. Ya kashe na'ura da fanka, ya ja ƙofa, ya ce mu ba ɗakin lokaci ya faɗi abin da ke damunsa.

Safiyar da muka buɗe ƙofar ba zan manta da ita ba. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan ledar. Ko'ina garau, ana hango farin daɓe ta ciki, sai wani layi guda na hazo mai faɗin hannu. Ya taso daga gindin bangon gabas, ya miƙe sambal kamar an ja shi da alli, ya karya kwana daidai inda kan gadon Inna yake a da, ya nufi ƙofar banɗaki. A kan kwanar ya yi faɗi ya zama da'ira, ɗigon wurin manya-manya suna ƙyalli.  Abin da ke binne a ƙarƙashin kankare, wanda ido bai isa ya gani ba, ya zana hoton kansa a sama da ruwa.

Na ce a hankali, "Ikon Allah. Kawu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Bututun ruwan banɗaki ne. Ga hanyarsa nan, ga kuma inda yake yoyo, ruwan na bin jikinsa." Ya nuna da'irar da ɗan yatsa. "Da ma a gefen tsohon daɓe yake kwance, na zuba kankare a kansa. Tsatsa ta cinye gwiwar. Ɗigon ba shi da yawa, duwatsun ke shanyewa, shi ya sa ko tabo bai fito a silin mai katifa ba."

Don ya tabbatar, ya sa na rufe duk famfunan gidan, muka je muka tsura wa mitar ruwa ido. Da farko kamar a tsaye take. Can sai ga 'yar allurar ta motsa kaɗan, ta tsaya, ta sake motsawa. Da ba don ledar mai katifa ba, da mun rufe wannan yoyon a ƙarƙashin gadon Inna yana ta aikinsa a ɓoye.

Mamakin bai gama sakina ba sai baƙin ciki ya biyo baya, don na gane abin da ake nufi. Sai an fasa wurin, a canza bututu, a sake cikewa, a sake zaman jira. Na ɗauki hoton ledar a waya, na ce wa Kawu ni ba zan iya gaya wa Inna ni kaɗai ba, ya zo mu tafi tare.

Mun same ta a jingine da filo, kofin ruwanta cike a gefe. Na miƙa mata wayar ina ta kame-kame. Ta riƙe da hannun dama ta daɗe tana kallo, ta sa na ƙara girman hoton.

Ta ce, "Wannan ai bututun da babanku ya ja ne da hannunsa, shekarar da muka tare. Nan ya lanƙwasa shi don ya kauce wa gadona." Ta bi layin da farce a kan gilashin. "Yanzu ƙasa ce ta nuna muku shi haka? Ba wanda ya tona?"

Kawu ya ce, "Ba wanda ya tona, Yaya. Da kanta ta faɗa."

Ta girgiza kai tana tasbihi. Sai ta tambayi abin da nake tsoro, wato sai yaushe. Kawu ya matso da kujera ya zauna daf da ita. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, ba kusa ba ne sosai, amma wurin da za a fasa kaɗan ne, kuma zai cike shi da kwaɓi mai ƙarancin ruwa.

Ya ce, "Amma mu yi ciniki. Ni ina can ina fama in fitar da ruwa daga ɗakinki, ke kina nan kin hana shi shiga jikinki. In na gama daɓen nan aka kawo mini ke ba ki da ƙarfin tsayawa, wa na yi wa aikin? Kyankyasai?"

Inna ta harare shi. "Har yanzu bakinka bai mutu ba, mai kunnen uwar shegu."

"Ke kika raine ni ai."

Ta tsura wa kofin ido.  Can ta ce, "Miƙo mini abin nan." Ta sha rabi, ta huta, ta shanye sauran. Ta ce da ni in gaya wa yarinyar nan mai farin kaya kada ta yi nisa, kuma in na kuskura na yi kuka a gabanta sai ta saɓa mini.

Mai gyaran famfo ya zo ya fasa daidai kan da'irar, bai ƙara ko yatsa ba, sai ga gwiwar bututun da wata 'yar ƙofa da ba ta fi bakin allura ba. Aka canza, aka cike, aka koma jira. Wannan karon ban yi wa Kawu rigima ba, ko da yake na ɓalla alluran keken ɗinki a shago fiye da yadda na saba. Inna na shan ruwa tana ƙunƙuni, tana zagaya gado da ƙarfenta, fuskarta ta fara cikowa. Kullum na je sai ta ce, "Yau me ledar ta ce?"

Ranar da leda ta fito a bushe ko'ina, Kawu bai yarda ba sai da ya sake mannawa ta sake fitowa a bushe. Sannan ya shafe daɓen da wani farin ruwan gam, ya bari ya sha iska. Auta ya zo ya kama masa kwaɓi, ya ce kada a taɓa fanka ko taga, iska na ɓata fuskar simintin. Kawu ya ɗaura wani takalmi mai ƙusoshi a tafin, ya karɓi bokitin farko ya tuttula a ƙarshen ɗaki.

Na zaci zai bi shi da cokalin magina yana shafawa. Ina! Abin da kansa ya kama tafiya. Ya malala kamar kunu, ya gangara duk inda ya fi zurfi ya cike, ya tsaya a inda ya kai, bokiti na biyu ya zo ya haɗe da na farko babu ko alamar mahaɗa. Kawu na tafe a ciki a kan ƙusoshinsa yana gara wani abu mai ƙayoyi don fasa kumfa, ramukan sawunsa na rufewa a bayansa. Da aka zuba na ƙarshe, ɗakin ya zama madubi. Ga taga a ƙasa, ga gajimare na wucewa ta cikinta, ga Auta a kife da bokiti a hannu. Gefen ruwan ya je ya sumbaci dokin ƙofar banɗaki daidai wa daida. Na riƙe baki, ban san lokacin da na ce "Allahu akbar" da ƙarfi ba.

Shi ma sai da aka ba shi nasa lokacin kafin a manna ledar ɗakin. Muka mayar da gado da kabad, Kawu ya kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki.

Auta ne ya goyo Inna ya hau da ita bene, tana ta faɗa wai zai kayar da ita. Ya zaunar da ita a bakin gado. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofar banɗaki, ta sa na cire mata silifas. Na matso zan kama ta, ta buge hannuna.

Ta ce, "Matsa."

Ta dafa ƙarfenta ta miƙe. Ta tura shi gaba, ta taka da dama, ta jawo hagu. Muna jin sautin tafin ƙafar yana shafar leda, shuu, ba abin da ya tare shi. Ta sake turawa, ta sake ja. Ni ina bayanta da hannuwa a buɗe ban taɓa ta ba, Kawu ya kafe idonsa a ƙafar nan ko numfashi ba ya yi. Da ta iso bakin ƙofar na runtse ido. Da na buɗe tana ciki, ƙafar ta wuce ba ta ma san ta wuce ba.

Ta juyo a hankali ta dube mu, mu uku cirko-cirko.

Ta ce, "To, kallon me kuke yi? Ba ku da aikin yi ne?"

Ta tura ƙofar a fuskata. Muka ji tana laluben sakata da hannu ɗaya, ta kuskure, ta sake, sai sakatar ta shiga ƙwas. Kawu ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Ni ma na zauna kusa da shi, muka yi ta kukanmu a hankali don kada ta ji.